Shin Kanishka Na Kushan Mabiyin Buda Ne, Ko Sufayen Addinin Buda Ne Suka Mayar Da Shi Nasu?

Bazazzagi_Mai_Alli

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sha'awar tarihi. Akwai wata magana da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuciya, na ga ya dace in shimfiɗa ta a gabanku. Duk inda aka ambaci Kanishka, babban sarkin daular Kushan wanda ya hau gadon mulki wajen shekara ta 127 Miladiyya, sai ka ji an ce shi ne ya ɗaukaka addinin Buda bayan Ashoka, tsohon sarkin Indiya da ya rungumi addinin, har wasu na kiran sa Ashoka na biyu. Ni kuwa da na bi abin da shi kansa sarkin ya bari, sai na ga kamar an sa masa rigar da ba tasa ba.

Hujjata ta farko ita ce dutsen Rabatak, wanda aka tono a lardin Baghlan na arewacin Afganistan a 1993. A cikin layi 23 na rubutun da ke jikinsa, Kanishka ya ce daga Nana da sauran abubuwan bautarsa ya sami sarauta, ya umarci wani babban hakiminsa mai suna Shafar ya gina wurin bauta, ya kuma jero waɗanda za a sassaƙa wa gumaka a ciki, irin su Umma da Aurmuzd da Mihr. Waɗannan kuwa mafi yawansu na mutanen Farisa ne da maƙwabtansu, kuma ko sau ɗaya bai ambaci Buda ba. Hujja ta biyu ita ce kuɗinsa. Sulallan zinarensa da aka samu suna da ɗimbin yawa, amma waɗanda ke ɗauke da siffar Buda ba su kai goma ba. Saboda haka ra'ayina shi ne, sufayen addinin Buda da suka zo bayansa da ɗaruruwan shekaru su ne suka ƙera mana wannan Kanishka mai tsoron ubangijinsu. Wanda yake da gyara, ina saurare.

'YarDamagaram

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a nutsa cikin gardama, zai kyautu wani ya bayyana mana su wane ne Kushan ɗin, kuma ina ne ƙasarsu a taswirar yau, domin da yawa daga cikinmu a makaranta ba a wuce da mu Rum da Farisa ba idan ana maganar wancan zamani.

Tsohon_Malami

'Yata, tambayarki tana kan hanya, kuma amsarta za ta taimaki muhawarar kanta. Asalin mutanen nan makiyaya ne mahaya dawaki, waɗanda Sinawa suka sani da sunan Yuezhi, suna zaune a yankin Gansu na arewa maso yammacin Sin. Wajen shekara ta 176 kafin Miladiyya wasu makiyayan da suka fi su ƙarfi, Xiongnu, suka fatattake su, kuma marubutan Sin sun ce daga baya har ƙoƙon kan sarkinsu aka mayar abin shan giya. Suka yi ta gudun hijira yamma har suka sauka a bakin kogin Amu Darya, wanda littattafan Larabci ke kira Jaihun, suka mamaye ƙasar Balkh ta arewacin Afganistan na yau, inda jikokin mayaƙan Girka da suka biyo Iskandar suka yi mulki sama da shekara 100.

A can suka rabu gida biyar, kowane da shugabansa, har sai da Kujula Kadphises, shugaban gidan Kushan, ya haɗe su a ƙarƙashin tuta ɗaya a ƙarni na farko Miladiyya. Dutsen da Malam Bazazzagi ya ambata shi ne ya warware mana salsalarsu da aka daɗe ana lalube: Kujula ya haifi Vima Takto, shi ya haifi Vima Kadphises, shi kuma ya haifi Kanishka. A zamanin Kanishka daular ta taso daga kudancin Uzbekistan da Tajikistan na yau, ta haɗa da Afganistan da Pakistan, ta gangara kwarin kogin Ganga a Indiya. Rubutun ya lissafa biranen da suka bi shi, har da Saketa da Kausambi da Pataliputra da Champa, can gabas cikin jihar Bihar ta yanzu. Babban birninsa Purushapura ne, wato Peshawar, sannan Mathura ta kasance fadarsa ta ɓangaren Indiya. Daula ce da ta zauna a tsakiyar Rum da Farisa da Sin da Indiya, duk ayarin da zai bi hanyar siliki zuwa tashoshin ruwan Indiya sai ya taka ƙasarta ya biya fito.

ƊalibinNoida

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ina karatu a Indiya, kuma na je gidan adana kayan tarihi na Mathura, tafiyar da ba ta kai awa uku ba daga inda nake. A can na tsaya gaban mutum-mutumin Kanishka da aka tono a ƙauyen Mat. An sassaƙa shi da jan dutse, ba shi da kai, amma abin da ya rage ya isa ya gaya maka ko wane ne. Yana sanye da doguwar riga mai kauri wadda ta sauko ƙasan gwiwa ta buɗe kamar ƙararrawa, ƙafafunsa a ware cikin wasu manyan takalma masu kumburi irin na mahaya a ƙasar sanyi, hannu ɗaya a kan kulki, ɗaya a kan ƙotar takobi. Ranar da na je zafin Mathura ya kai mutum ya jiƙe sharkaf a inuwa, sai na tsaya ina mamakin sarkin da ya zaɓi a nuna shi cikin wannan shiga a irin wannan gari, alhali gumakan da ke kewaye da shi a zauren duk mayafi ne marar nauyi a jikinsu. Na fahimci da gangan ya yi, yana so talakawansa su tuna daga inda ya fito. A gindin rigar an rubuta sarautunsa da haruffan Brahmi: babban sarki, sarkin sarakuna, ɗan abin bauta, Kanishka.

Sai dai ina da gyara a kan shekarar da Malam ya kawo. Abokan karatuna Indiyawa duk sun ce a 78 Miladiyya ya hau mulki, kuma daga hawansa ne ake ƙirga shekarun Shaka, waɗanda gwamnatin Indiya ta ɗauka a matsayin kalandar ƙasa a 1957.

Alƙalamin_Rini

Ɗan'uwa ƊalibinNoida, bayaninka na mutum-mutumin ya ƙayatar, amma a batun shekara Malam Bazazzagi ne ya fi kusa da daidai. Abin da abokanka suka faɗa shi ne tsohon ra'ayi, kuma ya daɗe a littattafan makarantun Indiya. Wannan saɓani ya kai masana sun yi zama na musamman a kansa a Landan har sau biyu, a 1913 da 1960, aka tashi kowa na kan bakansa. Abin da ya karkato da mafi yawansu shi ne binciken da Bajamushe Harry Falk ya fitar a 2001, inda ya bi wani lissafi da ke cikin tsohon littafin ilimin taurari na Sanskrit, wanda ya nuna tazarar da ke tsakanin shekarun Shaka da na Kushan, ya fitar da 127.

Akwai kuma shaidar da ido ke gani. A 1879 an buɗe wata hasumiyar ibada a Ahin Posh kusa da Jalalabad, aka sami sulallan Kanishka da na mahaifinsa da na magajinsa Huvishka a haɗe da na Rum, ciki har da mai ɗauke da hoton Sabina, matar Sarki Hadrian, wanda bai hau mulki ba sai 117. Wannan ya fi dacewa da sarkin da ya yi zamani a ƙarni na biyu. Gyaran yana da amfani, domin waɗanda suka riƙe 78 sukan jingina wa Kanishka kayen da janar ɗin Sin Ban Chao ya yi wa rundunar Kushan mai mutum 70,000 a shekara ta 90, bayan Sinawa sun hana sarkin Kushan auren gimbiyarsu. Idan lissafin 127 ne daidai, wannan abin kunya na kakanninsa ne, ba nasa ba. Rubuce-rubucen da ke ɗauke da sunansa sun kai shekara ta 23 ta mulkinsa, ke nan ya rasu wajen 150.

Bakatsinen_Islamabad

Ina neman afuwar Malam Bazazzagi, amma ban yarda a share dangantakar sarkin nan da addinin Buda da hannu ɗaya ba. A bayan garin Peshawar, a wurin da ake kira Shah-ji-ki-Dheri, akwai kufan wata hasumiya da matafiyan Sin suka yi ta ba da labarinta. Faxian, wanda ya ratsa wurin wajen shekara ta 400, ya ce a duk tafiyarsa bai ga mai kama da ita ba, kuma tsayin da ya ba ta ya haura mita 100 a ma'aunin yau. An daɗe ana ɗaukar maganar a matsayin ƙarin gishirin matafiya, har sai da D. B. Spooner ya haƙa wurin a 1908 zuwa 1909, ya sami harsashin gini mai faɗin kusan mita 87. A tsakiyarsa ya tarar da wani ɗan batta na tagulla mai ɗauke da sunan Kanishka, a cikinsa akwai gutsattsarin ƙashi uku da mabiya addinin suka yi imani na Buda ne. An miƙa ƙasusuwan ga mutanen Bama, suna birnin Mandalay, battan kuwa yana gidan tarihin Peshawar, inda na gan shi da idona.

Abu ne ƙarami, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. A kan murfinsa Buda na zaune tsakanin wasu siffofi biyu, a gefensa an zagaya da jerin agwagin ruwa suna tashi, a ƙasa kuma ga wani sarki cikin doguwar rigar nan ta Kushan, abin bautar rana a gefe ɗaya, na wata a ɗaya gefen. To, Malam, mutumin da bai damu da addini ba zai zuba dukiya irin wannan a ginin da ya fi kowane tsawo a daularsa? Sannan a Sarnath akwai wani babban mutum-mutumi da wani sufi mai suna Bala ya keɓe a shekara ta 3 ta mulkin Kanishka, abin da ke nuna cewa tun farkon zamaninsa mabiya addinin suna da sakewa da wadata.

Bazazzagi_Mai_Alli

Na gode, Malam Bakatsine, kuma ban musa hasumiyar ba. Amma dubi abin da kai da kanka ka bayyana: ko a jikin battan da aka yi domin ƙashin Buda, sarkin yana tsaye ne tsakanin rana da wata, abubuwan bautar gidansu. Wasu masanan ma suna ganin sarkin da ke jiki ba Kanishka ba ne, domin ba shi da gemu, Kanishka kuwa a duk kuɗinsa da gemu yake, shi ya sa suka karkata ga cewa a zamanin Huvishka aka ƙera shi. Gina wa jama'a wurin ibada daban, shiga addininsu daban. Shi wannan sarkin dai shi ne ake danganta wa ginin Surkh Kotal, kusa da Rabatak, wanda Bafaranshe Daniel Schlumberger ya haƙa daga 1952, wani haikali a kan tudu da ake hawa ta dogayen matakala, kuma babu abin da ya haɗa tsarinsa da na mabiya Buda.

Babban taron sufaye 500 da ake cewa ya kira a Kashmir ƙarƙashin wani malaminsu Vasumitra, cikakken labarinsa daga matafiyin Sin Xuanzang muka same shi, wanda ya zo yankin wajen 630, kusan shekara 500 bayan rasuwar sarkin. Ya ce an rubuta sharhin da taron ya yi a kan faranta na jan ƙarfe, aka rufe cikin akwatunan dutse, aka gina hasumiya a kai. Har yau ba a tono ko ɗaya ba.

Maƙerin_Fari

Ni ba malami ba ne, sana'ata zinare, don haka ta nan zan sa baki. Sulen zinaren Kushan nauyinsa kusan giram 8 ne, daidai da ma'aunin da Rumawa ke bi a farkon daularsu, kuma Vima Kadphises, mahaifin Kanishka, shi ya fara buga shi da yawa. Idan aka gwada da dinarin Musulunci da malamai ke lissafin zakka da shi, mai giram 4.25, sule ɗaya na Kanishka ya kusa dinari biyu. Sunan ma tafiyayye ne. Daga kuɗin Rumawa da ake kira dinariyus aka sami dinara a Indiya da dinar a Larabci, daga Larabcin kuma muka sami zinare da muke faɗa kullum a kasuwa.

Abin da nake so Malam Bazazzagi ya duba shi ne, mai buga kuɗi ba ya sa hoto a banza. Kuɗin da zai shiga hannun Bagirke da Bafarishe da Ba'indiye dole kowannensu ya ga abin da zai amince da shi. Ƙarancin sulallan Buda a zinare bai isa hujja ba, domin zinare kuɗin fatake ne da hakimai. A kuɗin jan ƙarfe, wanda talaka ke sayen hatsi da shi, siffar Buda ta fito har iri biyu, ɗaya an rubuta Sakamano Boudo, ɗaya Metrago Boudo.

Bakatsinen_Islamabad

Maƙeri, da na san ka tun bara da ban yi asara ba. A bakin wani wurin tarihi a can Pakistan wani mai tebur ya sayar mini da sulen jan ƙarfe, ya rantse daga gona aka tono shi. Ga sarkin a tsaye da gemunsa da mashinsa, yana miƙa hannu kan ɗan ƙaramin bagadi, har da harshen wuta a kafaɗarsa. Na biya, na adana shi a cikin auduga. Daga baya wani malaminmu ya juya shi a tafin hannu, ya nuna mini wani siririn layi da ya zagaye bakinsa, ya yi dariya ya ce bai fi shekara biyu da haihuwa ba.

Maƙerin_Fari

Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Wannan layin shi ne mahaɗin mazubi. Na asali bugawa ake yi, a ɗora ƙarfen tsakanin hatimi biyu a sauke masa guduma, shi ya sa gefensa kan tsage kaɗan, hoton kuma ya kan karkace. Na jabu zubi ne, fuskarsa takan yi laushi kamar sabulun da aka fara wanka da shi, da 'yan ramuka ƙanana na iska.

Almajirin_Shehu

Allah ya gafarta malamai. Ina so in ƙara wani ɓangare da ba a taɓo ba, wato yadda labarin sarkin nan ya iso hannun malaman Musulunci. Abu Raihan al-Biruni, a littafinsa kan Indiya da ya kammala wajen 1030, ya ambaci wani sarki Kanik cikin jerin sarakunan Kabul, ya ce shi ake danganta wa ginin wurin ibadar Purushawar, har ana kiran wurin da sunansa. Wannan ya ƙarfafa maganar Malam Bakatsine ta wata fuska, domin shekara kusan 900 bayan rasuwarsa, abin da mutanen ƙasar suka riƙe game da shi shi ne wancan gini.

Al-Biruni ya kawo wata hikaya da ya ji. Sarkin Kanauj ya aiko wa Kanik kyautar wani yadi na alfarma, ya ba maɗinki, maɗinkin ya ce duk yadda ya juya yadin, akwai zanen sawun ƙafa da zai faɗo a tsakanin kafaɗun mai rigar. Kanik ya gane cin fuska ne, ya ɗaura yaƙi. Wazirin Kanauj ya sa aka yanke masa hanci da leɓɓa, ya je wurin Kanik a matsayin wanda ubangidansa ya wulaƙanta, ya yi alkawarin nuna masa gajeriyar hanya, ya kai rundunar tsakiyar hamada inda ba ruwa, sannan ya faɗi gaskiya. Sai Kanik ya hau doki ya soka mashinsa a ƙasa, ruwa ya ɓulɓulo har rundunar ta sha ta ƙoshi. A wannan hikaya babu sufi, babu taron addini, sarki ne mayaƙi mai abin al'ajabi.

Kuma kada mu ɗauki ƙasar nan a matsayin wata duniya mai nisa da karatunmu. Tirmiz, garin Imam Tirmizi, birnin Kushan ne, kuma a gefensa aka haƙo gidajen sufayen Buda na Kara Tepe da Fayaz Tepe. Baramika, waziran Haruna Rashid, kakanninsu su ne masu kula da babban gidan ibadar Buda na Nawbahar a Balkh kafin su musulunta.

'YarDamagaram

Na gode wa Baba Tsohon_Malami da sauran malamai, yanzu na kama zaren. Abin da na lura shi ne, kowace al'umma ta ba da labarin Kanishka da ya dace da buƙatarta, kuma su kansu mabiya Buda ba su wanke shi tas ba. A ruwayoyinsu da aka adana da Sinanci, an ce da ya ci Pataliputra ya yanka wa sarkinta fansa mai nauyi, da aka kasa biya sai ya karɓi ƙwaryar barar Buda da kuma babban malami mawaƙi Ashvaghosha a madadin kuɗin. Wannan ai ganima ce, ko da ta ibada ce. A wata ruwayar kuma an ce ya ci kusurwa uku na duniya yana shirin tafiya ta huɗu, arewa, sai jama'arsa da suka gaji da yaƙi suka same shi yana kwance ba lafiya, suka lulluɓe shi da bargo, wani ya zauna a kansa har ya cika. Da a ce sufaye ƙirƙirar waliyyi suka zauna yi, kamar yadda Malam Bazazzagi ya ce, da wuya su bar masa irin wannan mutuwa.

BaGobiri_Direba

Ni sunan nan a wani wuri na fara jin sa. Jirgin Air India da bam ya tarwatsa a sararin tekun Atlantika kusa da Ayalan ranar 23 ga Yuni 1985, inda mutum 329 suka rasu, sunan da aka rubuta a jikinsa shi ne na wannan sarki. Ke nan Indiyawa suna lissafa shi cikin manyan sarakunansu, ko da kuwa da takalman sanyi ya zo musu.

Tsohon_Malami

Haka ne, kuma mutanen Afganistan ma suna lissafa shi nasu. Mutum-mutuminsa da aka samu a Surkh Kotal yana gidan tarihin Kabul, an farfasa shi a 2001, daga baya aka tattara gutsattsarin aka mayar da shi.

Ina so in dawo da mu kan tambayar farko ta wata ƙofa. A ganina, aikin da ya fi nuna mana zuciyar Kanishka shi ne abin da ya yi wa harshe. Sulallansa na farko da Girkanci aka rubuta su, da sarautarsa ta sarkin sarakuna, da sunayen abubuwan bauta irin su Helios na rana da Selene na wata. Ba a jima ba ya sauke Girkanci, wanda ya yi sama da shekara 400 yana harshen hukuma a yankin, ya ɗora harshen mutanen Balkh, wanda shi ya kira harshen Arya a dutsen Rabatak. Bai yar da haruffan Girka ba, ya riƙe su, tare da ƙarin harafi ɗaya na sautin "sh" da Girkanci ba shi da shi, kusan yadda kakanninmu suka ɗauki haruffan Larabci suka yi musu 'yan gyare-gyare domin ajami. Daga nan Helios ya koma Miiro, Selene ya koma Mao, hoton bai canza sosai ba, suna ne ya canza, sarautar kuma ta zama Shaonanoshao, wadda ita ce Shahanshah ta Farisawa.

Wanda ya yi wannan yana da tsayayyen ra'ayi game da ko shi wane ne, kuma ya kafa kansa ne a al'adar Balkh da Farisa. A nan ina tare da Malam Bazazzagi. Inda na rabu da shi shi ne zaton da tambayarsa ta ginu a kai, cewa dole mutum ya bar wani addini kafin ya shiga wani. Mu da muka tashi cikin tauhidi haka muka san al'amarin, amma mutanen wancan wuri da zamani ba haka suke kallonsa ba. Sarki na iya zuba turare a wutar Nana da safe, ya aika wa gidan sufaye kyautar gona da yamma, ba tare da shi ko su sun ga karo a ciki ba.

Alƙalamin_Rini

Baba ya yi magana mai nauyi, amma ina ganin ta sassauta wa ɓangaren Malam Bakatsine fiye da kima. Idan muka ce kowa nasa ne, to me ya sa a rubutun da ya yi domin kansa da iyayensa, inda ya ce a sassaƙa siffar kakan babansa da kakansa da mahaifinsa da tasa, bai sa Buda ba? A tsakanin layukan ma an ƙara ƙaramin rubutu da ke daidaita wasu daga cikin abubuwan bautar da na Indiya, Mahasena da Vishakha, ke nan an tuna da Indiya a wurin, amma ba a tuna da Buda ba. Wurin da mutum ya ajiye siffar mahaifinsa ya fi gaya mana abin da ya riƙa fiye da ginin da ya yi wa baƙi da fatake.

Bakatsinen_Islamabad

Malam Alƙalami, dutsen Rabatak yana magana ne a kan farkon mulkinsa, shekarar farko da 'yan shekarun da suka biyo baya, mutumin kuwa ya yi shekara 23 a kan gado. Ruwayoyin mabiya Buda da kansu sun ce da farko bai yarda da addinin ba, daga baya ne ya juyo. Ba a auna ƙarshen mutum da wasiƙar da ya rubuta yana sabon sarki. Kuma ko me ke cikin zuciyarsa, a ƙarƙashin inuwar gidansa ne masassaƙan Gandhara, wato yankin Peshawar, da na Mathura suka yawaita siffanta Buda a surar mutum, kuma daga daularsa ne sufi Lokaksema ya tafi Luoyang, babban birnin Sin na lokacin, inda ya yi ta fassara littattafan addinin zuwa Sinanci wajen shekara ta 180. Hanyar da addinin ya bi ya shiga Sin, daga can Koriya da Japan, ta cikin ƙasar Kushan ta ratsa.

Bazazzagi_Mai_Alli

Na karɓi gyaran Maƙeri a kan kuɗin jan ƙarfe, kuma na yarda kalmar ƙirƙira da na yi amfani da ita ta yi tsauri, bisa abin da Malama 'YarDamagaram ta nuna. Amma maganar juyowa a ƙarshen rayuwa ba ta gamsar da ni ba, domin da ya juyo da mun ga alamar haka a gidansa. Magajinsa Huvishka ya buga kuɗi da abubuwan bauta masu yawa fiye da na Kanishka, har da Serapis na Masar da Herakles na Girka, amma bai sa Buda ko sau ɗaya ba. Wanda ya biyo bayansa kuma sunan Indiyawa ya ɗauka, Vasudeva, kuma kusan duk kuɗinsa abin bauta Oesho ne a jiki, tsaye gaban bijimi da mashi mai baki uku.

ƊalibinNoida

Malam, sai dai shi wannan Huvishka da bai sa Buda a kuɗinsa ba, akwai gidan sufaye a Mathura da rubuce-rubucen wurin suka kira da sunansa. Idan rashin hoto a sule bai hana shi zama mai hidima ga addinin ba, ban ga yadda ƙarancin hoton zai zama hujja a kan Kanishka ba. Ina da niyyar komawa gidan tarihin bayan jarrabawa, kuma wannan karon ginshiƙan da aka kwaso daga wancan gidan sufaye zan fara nema kafin in je wurin mai takalman.